Sarƙar Da Ta Ci Wuyan Bara'atu

Ranar da Bara'atu ta fara ganin Mustapha, a tsugune ta tarar da shi a bakin gonar shinkafar babanta, yana ɗibar ƙasa da ɗan cokali yana zubawa a kwalba. Asabar ce, babu zuwa makarantar da take koyarwa, shi ya sa ta karɓi kai wa masu aiki abinci fadama. Ta wuce ta gabansa, takalminta ya nutse a laka, ta sauke kula a inuwa, sannan ta juyo ta tsaya tana kallonsa.

"Malam, ko ƙasar garinku ce ta ƙare?"

Ya ɗago kai. Dogo ne baƙi, da tabarau da ya zamo masa kan hanci saboda gumi. Ya yi murmushi ya ce sunansa Mustapha Fannami, kuma da izinin mai gona yake ɗiba. A ɗakin gwaje-gwaje yake aiki, suna auna ƙarafan da ke cikin ƙasa da ruwan kogi, da wanda shinkafa ke zuƙa.

"Ƙarfe a shinkafa? Shekara ashirin da huɗu ina cin tuwo, ban taɓa tauna ƙusa ba."

"Ɗan mitsitsi ne, ido ba ya gani. Wani jiki na buƙatarsa, wani kuwa in ya yi yawa cuta ne."

Ta yi dariya ta ce to Allah ya ba da sa'a, Malam Mai Kwalba. Shi kuwa ya bi ta da ido har ta shige cikin masu aiki, sannan ya matsa gaba ya ci gaba da ɗibarsa, a daidai inda ta taka, ba tare da ya ma lura ba.

Wanda ya lura yana can kan babur. Muttaka ke nan, mai sayar da taki a kasuwar Haɗeja, wanda ya shekara biyu yana sallama a gidansu Bara'atu, ita kuma ta shekara biyu tana aiko masa cewa kanta na ciwo. Ya ga komai, ya haɗiye abinsa.

Ba a yi mako ba Mustapha ya kawo wa Alhaji Shu'ibu mahaifin Bara'atu sakamakon gonarsa har gida, abin da zai iya aikowa a waya. Ya sake dawowa wai ya manta takarda ɗaya. A zuwa na uku babu takarda, sai cakulan da 'ya'yan kashu a leda, da kunyar da ta hana shi haɗa ido da kowa.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayar Bara'atu: "Gimbiyar fadama, yau na auna ruwa kwalba goma sha biyu, duk na rubuta lambobin a juye. Ke ce sanadi. Ki faɗa min inda zan kai ƙara."

Ta mayar masa: "Ka kai wa Baba. Shi ne alƙalin gidanmu, kuma ba ya karɓar cakulan."

Ya kuwa kai. Aka yi bincike, aka tarar iyayensa mutanen kirki ne, kakansa daga bakin Tafkin Chadi ya zo Guri da allonsa ya zauna. Alhaji Shu'ibu ya ce a turo. Mahaifiyarsa Ya Bintu ta zo da mata uku da kayan na-gani-ina-so, gida ya ɗauki ƙamshin turaren wuta har kwana biyu. A cikin kayan akwai sarƙa fara mai ƙyalli da 'yan kunnenta, da agogon hannu.

Tun da ta yi wayo Bara'atu ba ta taɓa sa wani ɗan kunne ba sai na azurfar marigayiya mahaifiyarta. Ranar ta cire su, ta sa na Mustapha. Ta kwana da su, ta wuni da su a aji, cikin zafin bazarar Haɗeja da ke sa mutum ya yi wanka da guminsa.

A kwana na uku wuyanta ya fara ƙaiƙayi. A na biyar ƙuraje suka zagaye shi, ja jawur, daidai inda sarƙar ke kwanciya, kamar an zana da alƙalami. Kunnuwanta suka kumbura suna ruwa. Ƙarƙashin agogon ma ya yi tabo zagayayye.

Goggo 'Yar'azumi ce ta fara gani. Yayar Alhaji Shu'ibu ce, ita ta raini Bara'atu tun rasuwar uwarta, kuma mace ce da ko kaza ta yi atishawa sai ta nemi wanda ya aiko ta. Ta ɗaga haɓar yarinyar ta duba, ta saki salati.

"Cire! Cire min wannan abin yanzun nan! Ke, ruwa ba ya tsami banza."

"Goggo, ƙila zafi ne."

"Zafin ya san hanyar sarƙa ne, da zai bi ta bai kauce ba? Ni za ki koya wa ƙurajen zafi?"

Aka cire, aka ƙulle a tsumma, aka rataye a bayan gida. Goggo ta kawo rubutu da hayaƙi. Da abin ya tsaya nan, da ya zo da sauƙi. Sai ga tafin hannun Bara'atu ya feso da ƙananan ƙuraje masu ruwa, washegarin ranar da ta zauna don ɓacin rai ta cinye ragowar cakulan da kashun da Mustapha ya kawo. Goggo ta ce shi ke nan, an bi ta waje, an bi ta ciki.

A nan Muttaka ya ga ranar maganarsa ta zo. Ya zo duba mara lafiya da lemo, ya durƙusa gaban Goggo yana sosa ƙeya.

"Goggo, ni ba na son shiga tsakani. Amma ranar da ya fara ganinta, da idona na ga ya ɗebi ƙasar sawunta ya zuba a kwalba."

Goggo ta dafe ƙirji. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake cewa ana yi da ƙasar sawu. Ta juya ga Bara'atu.

"Haka aka yi?"

"Aikinsa ne ɗibar ƙasa, Goggo."

"Ban tambaye ki aikinsa ba. Inda kika taka ya ɗiba ko ba nan ba?"

Bara'atu ta tuna takalminta a laka, ta tuna shi a tsugune. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ba ta iya rantsewa cewa ba nan ba ne.

Alhaji Shu'ibu ba mai gaggawa ba ne. Ya saurari yayarsa, ya dubi wuyan 'yarsa, sannan ya yanke hukunci.

"Ban ce yaron nan ya yi wani abu ba, zato zunubi. Amma ba zan kai ki inda zuciyata ba ta kwanta ba. Ranar Juma'a in an sauko masallaci za a mayar musu da kayansu."

Ranar Lahadi ce ya faɗi haka. Bara'atu ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta. Tana son Mustapha, wannan ba ta da shakka. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, shin son nata ne, ko sa mata aka yi? Ta zauna tana lissafin yadda ta ƙi maza biyar, sannan ta faɗa wa wannan a mako biyu. Har murmushinsa da take tunawa ta fara bincikensa, ko akwai wani abu a ƙarƙashi. Can kuma sai zargin ya juya kan Muttaka: me ya sa ya ɓoye maganar wata uku, sai yanzu? Kayan nan ma ai sun kwana a falo, kowa na shiga yana fita. Ta rasa wanda za ta yarda da shi, har da kanta.

Wayarta ta yi ƙara. "Gimbiya, kwana huɗu ba ki ɗaga kirana ba. Na ji an ce ba ki da lafiya, wuya da kunne. In daidai inda sarƙa da agogo suka taɓa ne, ina zaton nikel ne. Wani ƙarfe ne da ake haɗawa a kayan ado, akwai masu fatar da ba ta ɗaukarsa. Kada ki ƙara sa su. Ki yafe min, ban sani ba."

Ta karanta sau uku. Maimakon hankalinta ya kwanta, sai ya ƙara tashi.

"Ban faɗa wa kowa maganar agogo ba. Ya aka yi ka san har sunan abin da ke cina, alhali ba ka gan ni ba?"

Amsar ta ɗan jima kafin ta zo. "Ni na sayi agogon, bayansa ƙarfe ne, kuma nikel na cikin abin da nake aunawa kullum. Amma na fahimci tambayarki, ta kuma yi min ciwo. Kada ki yarda da maganata. Ki je wajen likitan da kika zaɓa, wanda ban sani ba, kada ma ki faɗa min sunansa. In ya ce ba haka ba ne, ni da kaina zan zo in kwashi kayan."

Washegari ta tashi daga makaranta ta hau adaidaita, ta wuce asibitin da ke kusa da su, ta tafi wani can ƙarshen gari. Ta samu wata likita mai suna Zulaihat, mace mai saurin magana. Bara'atu ba ta ambaci komai ba, ta dai buɗe wuyanta. Likitar ta duba, ta juya hannunta ta ga tabon.

"Sabuwar sarƙa da sabon agogo?"

"Eh."

"Amarya ke nan. Duk wata sai na ga irinki. Nikel ne ya fi jawo wannan. Gumi ke narko shi daga ƙarfen ya shiga fata, fatarki kuma ta ɗauke shi abokin gaba."

"To hannuna fa? Ban sa komai a tafin hannu ba."

Likitar ta tambayi abin da ta ci, da ta ji cakulan da kashu sai ta gyaɗa kai. Ta ce nikel ɗin nan yana cikin ƙasa da ruwa, tsirrai na zuƙarsa, kowa yana cin ɗan kaɗan kullum a wake da gyaɗa da awara, mafi yawansa kuma ya fice bai zauna ba. In ma jiki na buƙatarsa, abin bai taka kara ya karya ba, ita ba ta taɓa ganin wanda rashinsa ya kwantar ba. Sai dai wasu daga masu irin fatarta, in suka cika cin abin da yake da yawa a ciki, yakan feso musu a hannu.

"Kada ki je ki daina cin wake, ki zo min da wata cutar. Ki dai rage na ɗan lokaci. Kuma idonki ya yi fari, za mu duba jininki, don mai ƙarancin jini ya fi zuƙarsa daga abinci."

"Likita, akwai yadda za a nuna wa mutum ya gani da idonsa?"

"Akwai gwajin da ake manna wa mutum a fata kwana biyu, amma sai Kano, kuma sai an ba ki rana."

Bara'atu ta ƙirga kwanakin da suka rage zuwa Juma'a. Sannan ta tambaya ko ban da sarƙa akwai wani abin gida da yake da shi. Likitar ta ce da yawa: kan bel, maɓallin wando, fararen makullai masu ƙyalli, ko da yake ba duka ba. Ta kalli Bara'atu ta gane inda ta dosa.

"Ban ce ki yi ba. In kuma kin yi taurin kai, ki ɗaura shi a damtse, kada ya wuce kwana biyu, in ya yi zafi ki cire ki zo."

Ranar Laraba da safe Bara'atu ta durƙusa gaban Goggo da Baba, da filasta a hannunta. Ta faɗi abin da likita ta ce. Goggo ta taɓe baki.

"Likitoci! Ai komai sai sun sa masa suna. Shi ya biya ta ta faɗa."

"Bai san ta ba, Goggo. Amma na ji. Ki zaɓo farin ƙarfe a cikin kayanki, wanda Mustapha bai taɓa gani ba. Ki yi masa tofi da bakinki, ki ɗaura min da hannunki. In Juma'a ta yi fatata lafiya lau, ni zan ɗauki kayan in kai musu, ba kuma za ki ƙara jin sunansa a bakina ba."

Alhaji Shu'ibu ya dubi yayarsa. "Yaya, wannan ai adalci ne."

Goggo ta shiga ɗaki tana mita, ta fito da ɗan makullin akwatin da ta zo da shi daga Makka, wanda ko ƙuda ba ta bari ya sauka a kai. Ta wanke shi, ta karanta Falaƙi da Nasi ta tofa, ta manna shi a damtsen Bara'atu, ta bi da filasta, ta kuma ɗaure da ƙyalle ta yi ƙullin da ita kaɗai ta san kansa.

Laraba ta wuce, babu ko ɗan motsi. Bara'atu ta tuna likita ta ce ba kowane makulli ba ne. Ta ga wautarta ƙiri-ƙiri: ta ɗora aurenta a kan ɗan ƙarfen da ba ta san abin da ke cikinsa ba. Alhamis da safe ma shiru. Goggo na wucewa tana tambaya, "Ya hannun?" da muryar wadda ta riga ta ci shari'a.

Ta rubuta wa Mustapha: "Na yi wani alkawari a kanka. In na faɗi, kada ka neme ni. Ban sani ba ko ina zarginka, na dai san ina kewarka."

Ya amsa: "Ban san alkawarin ba, amma na san mai shi. Ina azumi yau. Allah ya bayyana gaskiya ko a kaina za ta faɗo."

Bayan la'asar, tana tsaka da gyaran littattafan yara, ta ji wani ɗan tsikari a damtse. Ta ajiye biro. Kafin magariba ƙaiƙayi ya kankama, irin wanda ke sa mutum cizon leɓe. Ba a taɓa yin wanda ya yi murna da ƙaiƙayi kamar Bara'atu ba. Ta zauna a kan hannunta don kada ta sosa, tana hawaye tana dariya.

Juma'a da hantsi aka taru a tsakar gida. Kayan Mustapha na ɗaure a gefe. Muttaka ma ya zo, wai ko za a buƙaci babur. Goggo ta duba ƙullinta ta tabbatar ba a taɓa ba, ta kwance, ta ɗaye filastar.

Ga makulli nan kwance a fatar Bara'atu, ja jawur, da kansa da wuyansa har da haƙoransa, ƙananan ƙuraje sun bi gefensa.

Alhaji Shu'ibu ya sa tabarau ya sunkuya, ya ce, "Ikon Allah."

Bara'atu ta ce a hankali, "Goggo, ko ke ma kin yi min wani abu ne?"

"Rufe min baki, ja'ira!"

Amma muryar ta karye. Goggo ta zauna daɓas a kan turmi tana juya makullin a hannu. Can ta ce, kamar mai magana da kanta, "Ranar da aka huda miki kunne, 'yan kunnen kasuwa na sa miki. Kunnen ya ruɓe wata guda. Na ce bakin maƙwabciyarmu ne, na shekara uku ba na gaishe ta. Har matar nan ta rasu ban nemi gafararta ba." Ta share ido da gefen zani. "Ashe ƙarfe ne."

Alhaji Shu'ibu ya juya ga Muttaka. "Kai kuma, kwalba nawa ka ga ya cika a gonar nan ranar?"

Muttaka ya sunkuyar da kai. "Sun kai ashirin, Alhaji."

"Amma ɗaya ka kawo mana labari. Allah ya shirye ka. Ka gaida gida."

Aka kwance kayan aka mayar ɗaki. Bayan an sauko masallaci, Alhaji ya aika Guri a zo a sa rana.

Da Mustapha ya zo da yamma, Bara'atu ta kasa ɗago kai.

"Na zarge ka, Mai Kwalba."

"Na sani. Ni ma na zargi kaina, da na sayo abu don ƙyallinsa, ni da nake auna shi kullum." Ya dubi ƙyallen da ke damtsenta. "Yana ciwo, Gimbiya?"

"Sosai. Kuma ban taɓa jin daɗin ciwo irin wannan ba."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Kafin nan Ya Bintu ta sayar da tinkiyoyinta biyu ta sa maƙerin farfaru ya ƙera wa amarya sarƙa da awarwaro na azurfa tsantsa. Goggo kuwa ta kwashe lefen gaba ɗaya ta kai ɗakinta, ta hana kowa taɓawa. Kwana tara tana zaune a bakin ƙofa da allura, ido na mata ruwa, tana bin kowace riga da kowane siket, duk inda ta ga zif ko maɓallin ƙarfe sai ta ɗinke bayansa da ƙyalle mai laushi.

Ranar kai amarya, bayan mata sun gama guɗa, Goggo ta sa aka kira mata ango. Ya durƙusa a gabanta. Ta daɗe tana kallonsa.

"Mustapha, na ci namanka da yawa. Wadda na yi wa irin wannan a baya ta tafi ban roƙe ta ba. Kai ga ka da rai, ka yafe min."

"Haba Goggo, wallahi na yafe. Don kina sonta ne."

Ta kamo hannun Bara'atu, wanda ya sha lalle ya warke sumul, ta sa a nasa.

"Fatarta ba ta da haƙuri, ka gani da idonka. Amma ita tana da shi, kada ka ga haka ka ƙure ta. In kun ji wani abu game da juna, ku tambaya kafin ku yanke. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya tsare ku daga sharrin masu sharri, da irin nawa zaton."

Ɗakin ya amsa da amin. Bara'atu ta faɗa jikin Goggo tana kuka, tsohuwar ta rungume ta tana bubbuga bayanta, sannan ta ture ta a hankali wajen mijinta.